Gadar Titin Carroll da Haƙƙin Waɗanda Suka Jure Warin Gowanus

A yankin Brooklyn na birnin New York akwai wata ƙaramar gada mai shuɗin fenti da daɓen katako, wadda tsawonta bai wuce mita 33 ba, faɗinta kuma bai isa motoci biyu su gifta juna ba. A samanta an kafa allo mai ɗauke da tsohuwar dokar gari, wadda ta ce duk wanda ya tuƙa abin hawa a kan gadar da saurin da ya wuce na tafiyar ƙafa za a ci shi tarar dala 5 a kowane karo. An buɗe gadar a 1889, lokacin da Brooklyn ke birni mai cin gashin kansa, shekara 9 kafin a haɗe shi da New York a 1898, kuma a wancan zamani dala 5 ladan kwanaki ne na lebura. Sunanta Gadar Titin Carroll, tana kuma tsallaka mashigin Gowanus, wata hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen dakon kaya. Ra'ayina a kanta shi ne a bar ta ta ci gaba da buɗewa da rufewa kamar yadda maƙeranta suka tsara, a sauke mata nauyin motoci a bar wa masu ƙafa da masu keke, sannan kuɗin kula da ita da na gyaran unguwannin da ke gefenta ya fito daga aljihun waɗanda suka ɓata ruwan da waɗanda ke cin ribar gyaransa a yau.

Kafin a yi gardama a kan wannan, ya kamata mai karatu ya san abin da ya bambanta gadar da sauran. Yawancin gadojin da ke ba wa jiragen ruwa hanya suna ɗagawa sama ne kamar murfin akwati, kuma haka maƙwabtanta biyu suke, wato ta Titin Union da ke arewa da ita da ta Titi na Uku da ke kudu, waɗanda aka gina a 1905. Wasu kuma suna juyawa a kan ginshiƙi guda da ke tsakiyar ruwa. Ita ta Carroll ja da baya take yi. Gangar jikinta gaba ɗaya tana zaune a kan ƙafafun ƙarfe, ƙafafun kuma suna kan layukan dogo da aka shimfiɗa a karkace a bakin ruwa, ta yadda idan jirgi ya zo, inji zai ja igiyoyin ƙarfe, gadar ta zame gefe kamar aljihun tebur, ta shige wani fili da aka tanadar mata kusa da ɗan ɗakin bulo na mai kula da ita. Da farko injin tururi ne ke jan ta, daga baya a farkon ƙarni na 20 aka mayar da ita kan lantarki. Ma'aikatar ayyuka ta birnin Brooklyn ce ta tsara ta a ƙarƙashin babban injiniyanta Robert Van Buren. Irin wannan gada ƙalilan ne suka rage a duk faɗin Amurka, ɗaya a Titin Borden da ke yankin Queens, wasu a birnin Boston, kuma ta Carroll ce ta girme su duka.

Wannan motsi shi ne dukiyar gadar. Idan aka ɗaure ta wuri guda aka cire igiyoyin, abin da zai rage shi ne 'yan katakai da ƙarafuna masu fenti waɗanda kowane ɗan kwangila zai iya kwaikwayonsu cikin wata shida. Saboda haka duk lokacin da na ji ana cewa za a adana gadar, tambayar da nake fara yi ita ce ko za ta ci gaba da zamewa, domin akwai adanawar da ba ta da maraba da binnewa.

Ruwan da take tsallakawa shi ma ba haka Allah ya halicce shi ba. Kafin zuwan Turawa, wurin fadama ce mai ruwan gishiri da ke cika tana janyewa tare da teku, inda mutanen Lenape ke kamun kifi da ɗibar kawa. Mutanen Holan da suka zauna a wurin a ƙarni na 17 sun kafa injinan niƙa masu aiki da hawa da saukar ruwan teku. A wannan fadama ce kuma, ranar 27 ga Agusta 1776, sojojin Amurka da Birtaniya ta fatattaka suka tsallaka da ƙyar suna nutsewa cikin taɓo, yayin da wata rundunar 'yan Maryland ta riƙa kai hari a wani gidan dutse da abokan gaba suka riƙe domin ta tare musu su har aka kashe da yawa daga cikinta. Titin da gadar suna ɗauke ne da sunan Charles Carroll, ɗan Maryland da ya sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka. A 1849 majalisar jihar New York ta ba da izinin a mayar da rafin mashigin jirage, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1860 an gama haƙa hanya mai tsawon kusan kilomita 3 da faɗin kimanin mita 30, wadda bakinta ke buɗe ga teku amma kanta a toshe yake.

Daga nan arziki ya shigo ta ruwa. Jirage sun riƙa kawo kwal da katako da yashi da jan dutsen nan da aka gina kyawawan gidajen Park Slope da Carroll Gardens da shi, wato unguwannin da ke gabas da yammacin mashigin, waɗanda gida ɗaya a cikinsu yau ke cin miliyoyin daloli. A bakin ruwan kuma aka jera majemu da masana'antun fenti da sabulu da siminti da taki, da manyan masana'antu uku masu sarrafa kwal su fitar da iskar gas ta haskaka fitilun gari. Waɗannan ukun su ne suka fi barin mugun gado, domin abin da ke saura bayan an gasa kwal baƙin ruwa ne mai kauri da danƙo, wanda daga sunansa na Turanci muka samo kalmarmu ta kwalta. Ya fi ruwa nauyi, saboda haka yakan nutse ya ratsa ƙasa ya yi zurfi ƙwarai. A kan wannan aka ƙara bahayar gari, domin a tsofaffin unguwannin New York bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar gidaje, kuma idan aka yi ruwa mai ƙarfi bututun ya cika, sai rarar ta kwarara kai tsaye cikin mashigin. Mazauna wurin, cikin baƙar zolaya, suka laƙaba wa ruwan sunan wani fure mai ƙamshi, taɓon da ya taru a ƙasansa kuma, wanda kaurinsa a wurare da dama ya kai mita 3, suna kiransa baƙin mayonis.

Abin da nake so a riƙe daga wannan tarihi shi ne rabon da aka yi. Dutsen ya hau tudu ya zama gidajen masu hali, warin kuma ya tsaya a kwari tare da leburorin tashar jiragen ruwa 'yan asalin Ireland da Italiya, daga baya kuma baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico da suka cika gidajen gwamnati na Gowanus Houses da aka buɗe a 1949 da na Wyckoff Gardens da suka biyo baya a shekarun 1960. Gadar Carroll tana tsakiyar wannan kwari, kuma su ne suka fi kowa taka katakonta. A 1911 hukuma ta buɗe wani rami a ƙarƙashin ƙasa mai babbar farfela domin ruwan mashigin ya riƙa sauyawa da na tashar teku, amma na'urar ta lalace a shekarun 1960, aka bar ta haka har 1999. Sama da shekara 30 ke nan ruwan yana tsaye yana ruɓewa a gaban ƙofofin mutane. Ban yarda cewa da a unguwar masu kuɗi abin ya faru za a yi wannan jinkiri ba. Mutane irin su Salvatore Scotto, wanda aka fi sani da Buddy, mai gidan shirya jana'iza a Carroll Gardens, sun shafe shekaru masu yawa suna bin ofisoshi a kan wannan ruwa tun lokacin da babu mai ganin riba a cikinsa.

Gadar ita ma ta ɗanɗana irin wannan watsi. Bayan dakon kaya ya koma manyan motoci, harkar tashar jirage kuma ta ƙaura zuwa New Jersey inda ake sauke kwantena, masana'antun Gowanus suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a tsakiyar shekarun 1980 gadar ta lalace har aka daina bin ta. Abin da ya cece ta shi ne hukumar kare gine-ginen tarihi ta birnin ta sanya ta cikin abubuwan da doka ta hana rushewa a 1987, sannan aka gyara ta aka sake buɗe ta a 1989, daidai lokacin da ta cika shekara 100. Wannan gyara yana da muhimmanci ga muhawarar yau, domin ya nuna cewa an taɓa yanke mata ƙauna, aka ce ta tsufa, sai ga shi ta sake yin aiki na fiye da shekara 30.

A watan Maris na 2010 hukumar kare muhalli ta tarayya ta sanya mashigin Gowanus cikin shirin Superfund, wanda aka tanada domin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, kuma doka ta ba shi ikon tilasta wa waɗanda suka yi ɓarnar, ko magadansu, su biya kuɗin gyara. Gwamnatin birnin a ƙarƙashin magajin gari Michael Bloomberg ta yi adawa da matakin, tana mai cewa sunan zai kori masu zuba jari, kuma birnin zai iya yin aikin da sauri ta wata hanya. Lokaci ya nuna cewa tsoron bai tabbata ba, masu jari ba su gudu ba, sai ma tururuwa da suka yi. A 2013 aka fitar da tsarin aikin a kan ƙiyasin dala miliyan 506, adadin da daga baya ya ninka ya haura biliyan ɗaya. Manyan masu biya su ne kamfanin National Grid, wanda ya gaji tsohon kamfanin gas na Brooklyn, da ita kanta gwamnatin birnin saboda ƙazantar bututanta. An fara yashe mashigin a Nuwamba 2020: a kwashe taɓon sama a loda a jirage, a gauraya ƙasan da kwalta ta ratsa da siminti domin ta daskare, a shimfiɗa yumɓu da yashi da tsakuwa a kai, a kuma kafa sababbin bangayen ƙarfe a gefe da gefe. An kuma umarci birnin ya gina manyan tankuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya mai cin galan miliyan 8, ɗayan miliyan 4, domin su riƙe rarar ƙazanta lokacin ruwan sama, aikin da ya sha jinkiri na shekaru.

Cikin wannan aiki ne aka rufe Gadar Carroll a 2021, rufewar da ta ɗauki shekaru. Ba abin mamaki ba ne, domin ginin da aka kafa a kan taɓo a ƙarni na 19 ba zai ji daɗin a riƙa dukan ƙarafuna cikin ƙasa ana kwashe laka a gindinsa ba. Sai dai a nan ne hujjata ta farko take. Idan aikin gyaran ruwan ne ya jijjiga gadar, to lafiyarta wani ɓangare ne na kuɗin gyaran ruwan, kuma dokar da ta ce wanda ya ɓata shi zai biya ba ta tsaya a bakin ruwa ba. Bai dace a ce kamfani da hukuma sun kashe fiye da biliyan ɗaya a kan taɓo, sannan idan aka zo kan gada mai mita 33 a fara kukan rashin kuɗi a kasafin ma'aikatar sufuri ba.

Rufewar ta kuma koyar da wani abu da babu wanda ya shirya gwada shi. Motoci sun yi shekaru ba su bi ta kan gadar ba, Brooklyn kuma ba ta tsaya ba. Dama hanya ɗaya ce, mai layi ɗaya, motoci na bin ta zuwa gabas kawai kafin a rufe ta, kuma gadar Titin Union tana nisan titi biyu kacal a arewa, ta Titi na Uku tana nisan titi uku a kudu, ga kuma ta Titi na Tara da ta Hamilton a can ƙasa. Direba ba ya asarar fiye da 'yan mintuna idan ya zagaya. Wanda zagayen ya fi cuta shi ne mai ƙafa: tsohuwa mai jan keken cefane, uba mai kai yaro makaranta, ma'aikacin da ke sauri ya kama jirgin ƙasa. Ga waɗannan, tafiyar titi biyu zuwa da titi biyu dawowa a cikin sanyin Janairu ba ƙaramin abu ba ne. Motar yau kuma ba keken doki ba ce. Manyan motocin iyali da na rarraba kaya, balle masu batir, suna da nauyin da katako da tsofaffin ƙarafuna ke biyan kuɗinsa a hankali, kuma kowace taya da ta wuce tana matso da ranar gyara na gaba. Dokar da ke kan allon ta riga ta faɗi saurin da ya dace da gadar, kuma babu abin da ke tafiya da saurin ƙafa kamar ƙafa.

Akwai masu cewa motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya suna bukatar kowace mashiga, musamman yanzu da jama'a ke ƙaruwa. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Amma ana iya kafa shingen da ake buɗewa ga motar gaggawa wadda gadar za ta iya ɗauka, babbar motar kashe gobara kuma dama tana da gadojin da suka fi ƙarfi a kusa. Akwai kuma masu ƙananan sana'o'i, masu garejin gyaran mota da masu sassaƙa da maƙera da suka rage a unguwar, waɗanda ke tsoron duk wani abu da zai wahalar da motar kayansu. Waɗannan ina tausaya musu fiye da kowa, sai dai abin da ke korarsu daga Gowanus kuɗin haya ne, kuma barin motoci su bi ta kan katako ba zai rage musu ko sisi ba.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta masu cewa a daina buɗe gadar gaba ɗaya. Suna cewa jiragen kasuwanci sun daɗe da daina hawa zuwa kan mashigin, idan aka gama yashewa babu abin da zai rage sai ƙananan kwalekwale na 'yan wasa waɗanda ke iya wucewa ta ƙarƙashi, kuma birnin yana da gadoji masu motsi fiye da 20 da kowace ke cin albashin ma'aikata da man shafawa da kayan gyara. Lissafinsu daidai ne a kan takarda, amma ya bar abubuwa biyu a waje. Na farko, shimfiɗar da aka yi a ƙasan ruwan ba ta har abada ba ce, dole a riƙa duba ta ana gyarawa, bangayen ƙarfen ma haka, kuma irin wannan aiki da jirgi ake yin sa. Wanda ya toshe hanyar jirgi yau zai biya ninki gobe. Na biyu, inji irin wannan zama ne ke kashe shi. Igiya takan yi tsatsa, ƙafafun su kafe a kan dogo, mutanen da suka san yadda ake sarrafa shi su yi ritaya ba tare da sun koya wa kowa ba, kuma a ranar da aka bukace shi sai a tarar babu gadar babu masaninta. Farfelar 1911 ma da ta tsaya, sai da ta yi sama da shekara 30 kafin ta sake aiki. Da ni ke da iko, da na sa a riƙa buɗe ta a ranaku sanannu ko da babu jirgi, a sanar da makarantun unguwa, domin yaron da ya ga tituna sun rabu a gaban idonsa ya koyi abin da babu allon bayani da zai koya masa.

Yanzu sai batun unguwa, wanda a ganina ya fi na ƙarfe da katako girma. A Nuwamba 2021 majalisar birnin ta amince da sauya dokar amfani da filaye a rukunin gine-gine 82 na Gowanus, ta ba da damar a gina dogayen benaye inda da masana'antu ne kawai aka yarda da su. An yi hasashen sababbin gidaje kimanin 8,000, kusan 3,000 daga ciki masu hayar rangwame, kuma Brad Lander, wanda ke wakiltar yankin a majalisar a lokacin, yana cikin waɗanda suka jagoranci shirin. Tun kafin nan ma an ga alamar inda iska ta dosa: katafaren kantin Whole Foods ya buɗe a bakin mashigin a 2013, aka sauke tsohon allon tallan Kentile Floors da ya zama tambarin unguwar a 2014, aka kuma gina rukunin gidajen haya masu ɗaruruwan ɗakuna a Titin Bond, dab da gadar. Ba na cikin masu cewa kada a gina komai. New York na fama da ƙarancin muhalli mai tsanani, kuma ya fi adalci a gina a tsakiyar unguwannin masu hali, kusa da jirgin ƙasa da makarantu masu kyau, da a ci gaba da tura sababbin gine-gine unguwannin talakawa kawai. A wannan fuska shirin Gowanus ya fi da yawa daga cikin waɗanda suka gabace shi.

Damuwata tana kan tsarin da abubuwa ke bi wajen zuwa. Benaye suna tashi cikin shekara biyu, tankunan ƙazanta kuma suna ɗaukar fiye da goma. Kowane sabon gida yana da banɗaki da wurin wanki, kuma ko da yake an kafa sababbin ƙa'idoji da ke tilasta wa magina su riƙe ruwan saman da ya sauka a filayensu, mazauna da dama, ciki har da ƙungiyar Voice of Gowanus da ta kai ƙara kotu, ba su gamsu cewa bututan za su ɗauka ba. Wurin kuma har yanzu fadama ce a ƙarƙashin kwalta da siminti, kamar yadda guguwar Sandy ta tunatar a Oktoba 2012 lokacin da ruwan mashigin ya haura bakinsa ya shiga tituna da gidajen ƙasa da duk abin da ke cikinsa. Wani abin da ke sa ni tsayawa in yi tunani shi ne babban rukunin gidajen rangwame da aka tsara, mai suna Gowanus Green, an ware masa filin da ɗaya daga cikin masana'antun gas uku ta zauna. Hukumomi sun ce za a tsabtace filin yadda doka ta tanada kafin kowa ya tare, kuma ina fatan haka, amma duk wanda ya san yadda aka yi rabon farko yana da dalilin sa ido a kan na biyu.

Mazauna gidajen gwamnati sun yi abin da ya dace a lokacin cinikin. Sun ƙi goyon bayan shirin sai an sa gyaran gidajensu a ciki, inda lif ke mutuwa, bango ke tsatsafo da ruwa, dumama ke ɗaukewa a tsakiyar hunturu, kuma suka samu alkawarin dala miliyan 200 domin Gowanus Houses da Wyckoff Gardens. Wannan alkawari shi ne ma'aunin da nake auna duk shirin da shi. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masu ginin da darajar filayensu ta yi tashin gwauron zabo saboda sa hannun majalisa, da kuma yashewar da wasu suka biya, sun ci lada mai yawa. Ba alfarma ba ce idan aka ce su ɗauki wani kaso na kula da bakin ruwan da hanyoyin ƙafa da gadar da suke nuna wa masu neman haya ta taga.

Domin kuwa gadar ta riga ta zama kayan talla, kuma wannan ne haɗarin da ya fi tsatsa ɓoyuwa. Tsohon abu mai kyan gani a tsakiyar sababbin benaye yana ƙara wa kowane ɗaki kuɗi, kuma mai sayar da ɗakin bai damu ba ko gadar na motsi ko ba ta yi, muddin fentinta na sheƙi. An ga yadda tsohon ginin Coignet, wanda aka yi da kankare a farkon shekarun 1870, ya tsira daga rushewa amma ya zama kamar maraya a kusurwar kantin Whole Foods, an gyara masa fuska an bar shi shekaru babu abin da ake yi a ciki. An kuma ga akasin haka a tsohuwar tashar lantarkin jiragen ƙasa da ke bakin mashigin, wadda ta daɗe a yashe matasa marasa gida na kwana a ciki, aka gyara ta ta koma Powerhouse Arts a 2023, inda ake aikin ƙarfe da katako da yumɓu da ɗab'i. Gini na biyu yana da rai saboda har yanzu ana yin gumi a cikinsa. Irin wannan makoma nake nema wa gadar.

Wani zai ce na ɗora wa ƙaramar gada kayan da ya fi ƙarfinta, tun da buɗewarta ko rufewarta ba za ta gyara lif ko ɗaya a Wyckoff Gardens ba. Gaskiya ne. Amma gwamnatin birnin da ke yanke shawara a kan gadar ita ce dai ke da hannu a batun tankuna da lif da filin gas, kuma halinta ɗaya ne a ko'ina: abin da ke kawo kuɗi yana samun ranar kammalawa, abin da ke cin kuɗi kuma yana samun kwamiti. Gadar tana da amfani ga mai sa ido saboda ƙarama ce kuma a fili take. Mutum ba zai iya leƙa ƙarƙashin ƙasa ya ga ko siminti ya kama kwalta ba, ba zai iya auna galan nawa suka kwarara daren jiya ba, amma zai iya tsayawa a Titin Carroll ya ga ko igiyoyin suna da mai, ko an sauya katakon da ya ruɓe, ko akwai mutum a ɗakin bulon.

Abin da zan so a rubuta a takarda, da sa hannu da kwanan wata, bai da yawa. A ɗora kuɗin duk lahanin da yashewa ta yi wa tushen gadar a kan masu biyan kuɗin yashewar. A ware wani kaso daga abin da sababbin gine-ginen bakin ruwa ke biya domin kula da ita shekara-shekara, yadda ba za ta jira rahamar kasafin kuɗi ba. A horar da sababbin masu sarrafa ta, kuma zai yi kyau a fara neman su daga cikin matasan Gowanus Houses, waɗanda kakanninsu suka yi shekara 30 suna rufe taga saboda wari. Tarar dala 5 kuwa a bar ta a kan allon yadda take, ko da yake a yau kuɗin da ƙyar zai sayi kofin shayi a shagunan da suka buɗe a Titin Bond.